Kashi Talatin ɗin da Aka Bar Mana a Manhajar Faransanci

A watan Disambar 2022 ne Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhajar da ake kira CCMAS, wadda ta maye gurbin tsohuwar BMAS ta 2007. Hukumar ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar a kowane digiri, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Ƙungiyar ASUU ta nuna rashin amincewa a 2023, tana cewa tsara karatu haƙƙin majalisar kowace jami'a ne, ba na wani ofis a Abuja ba. Ni ma ɗan ƙungiya ne, kuma hujjar tana da ƙarfi. Sai dai tunda aka soma aiki da manhajar, abin da ya fi damuna shi ne yadda muka yi da ɗan rabon da ya zo hannunmu. A digirin shekara huɗu mai yunit 120, kashi 30 ya kama yunit 36. Ba ƙaramin fili ba ne.

Faransanci nake koyarwa a wata jami'a a arewa maso yammacin Nijeriya. A karon farko, cikin gaggawa aka cike gurbin nan, aka kwaso tsofaffin kwasa-kwasan da sabuwar manhajar ta zubar, aka sauya musu suna da lamba, aka mayar. Yanzu da rukunin farko na ɗalibai suka yi nisa a kanta, sashenmu ya kafa kwamiti ya duba ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, kuma ina cikin kwamitin.

Tambayar da na fara ɗorawa a teburi ita ce da me za mu auna. Duk wanda ya taɓa shirin zuwan masu tantancewa na NUC ya san abin da ake tarawa: malamai nawa, nawa ne masu digiri na uku, littattafai nawa a laburare, kujeru nawa a aji, takardun jarrabawar shekarun baya, rahoton mai duba jarrabawa na waje. Duk suna da amfani, kuma sau da yawa tsoron zuwan baƙin nan ne ke sa hukumar makaranta ta gyara rufin aji. Amma babu ɗaya daga cikinsu da zai gaya maka ko ɗan aji huɗu zai iya ɗaga waya ya yi magana da mutumin Yamai ba tare da gumi ya karyo masa ba. Shi ya sa na roƙi a ba ni izini in zauna da 'yan ajin ƙarshe ɗaya bayan ɗaya, mu yi hira da Faransanci, in naɗa a waya, sannan malamai mu taru mu saurara tare.

Akwai wata ɗaliba da ba ta fita raina ba. Tana cikin na gaba-gaba a ajinsu, rubutunta tsaf, idan ka ce ta zayyano dokokin sarrafa aikatau sai ta cika shafi uku ba kuskure. Na ce mata mu ɗauka ni ɗan kasuwa ne daga Maraɗi, na kira shagon da take aiki a Kano ina son buhunan citta, ta faɗa mini farashi, mu yi ciniki, ta gaya mini ranar da kaya za su iso iyaka. Gaisuwa ta tafi daidai. Da na taya, na ce zan biya sefa 97,500, sai ta yi shiru. Na maimaita a hankali. Ta ɗauki biro ta soma rubuta lambobin a tafin hannunta, tana motsa leɓe. Can ta ɗago ta ce da Hausa, "Malam, wallahi na sani, idan a takarda ne zan rubuta maka. Kunnena ne bai kama ba." Idonta ya kawo ruwa. Na ce ta kwantar da hankalinta, ba jarrabawa ba ce, mu ake aunawa ba ita ba.

Gaskiya ta faɗa. Ƙidayar Faransanci daga saba'in zuwa casa'in da tara tana da murɗiya, domin casa'in da bakwai sai an ce ashirin huɗu da goma sha bakwai, kuma babu abin da ke zaunar da ita a kunne sai yawan ji da yawan faɗa. Ita kuwa yaushe ta samu wannan damar? Yunit ɗaya yana nufin sa'a ɗaya a mako har mako 15. Kwas ɗin magana mai yunit biyu ke nan sa'a 30 a zango. A ce ɗalibai 60 ne a ajin, ko da malami bai buɗe baki ba tun daga farko har ƙarshe, rabin sa'a kowa zai samu a zangon gaba ɗaya. Sauran kwasa-kwasan kuma malami ne ke magana, ɗalibai na rubutu, rabin bayanin ma da Turanci. Abin ya zama kamar a shekara huɗu ana koya wa mutum tuƙi a kan allo, a ranar ƙarshe a miƙa masa makulli a ce ya kai mu Funtuwa.

Sannan akwai wanda aka tsara manhajar dominsa, da wanda yake zaune a gabanmu. Tun 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana cewa Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a Nijeriya, daga baya kuma manufar ilimi ta ƙasa ta sa shi cikin darussan ƙaramar sakandare. A takarda, yaro zai shigo jami'a da ɗan abin da zai ɗora a kai. A makarantun gwamnati na garuruwanmu kuwa, da wuya ka tarar da malamin Faransanci. Mafi yawan waɗanda nake tarba a aji ɗaya ba su taɓa jin darasinsa ba, wasu ma aikin lauya ko aikin jarida suka nema, da gurbi ya ƙare aka turo su wurinmu. A gefe guda kuma, cikin ajin nan dai, za ka samu yaron da ya yi firamare a Ƙonni ko Garwa, ko yarinyar da ta tashi a Njamena, bakinsu na zuba kamar ruwa amma rubutunsu cike da kurakurai. Mukan zuba su a aji ɗaya, mu ba su littafi ɗaya. Na farkon ya karaya tun a mako na uku, na biyun ya gaji ya koma bayan aji yana danna waya.

Abin da na kawo a nan ba sabon abu ba ne a duniya. Tun 2001 Majalisar Turai, wato Council of Europe, ta fito da ma'aunin iya harshe mai matakai shida, daga A1 zuwa C2, kuma a kansa aka ɗora jarrabawar gwada iya Faransanci ta DELF da DALF da ake rubutawa a cibiyoyin Alliance Française, har da ta Kano. Abin da ya burge ni da ma'aunin shi ne ba ya tambayar me aka koya maka, yana tambayar me za ka iya yi: za ka iya bayyana wa likita ciwonka, za ka iya bin labaran rediyo, za ka iya kare ra'ayinka a taro. Jami'o'in Faransa galibi matakin B2 suke nema ga baƙon ɗalibi. To idan haka ne, bai kamata mu ba mutum digiri a Faransanci yana ƙasa da B2 ba. Na ba da shawarar a yi wa kowane sabon ɗalibi gwaji a makon farko, a raba su rukuni biyu, sannan a rubuta ɓaro-ɓaro matakin da ake so ɗalibi ya kai a ƙarshen kowace shekara. Ba sai mun haɗiye ma'aunin Turawa ɗungurungum ba. Misalansu na sayen tikitin jirgin ƙasa a Liyon ne, namu kuwa na tashar mota ne da asibiti da ofishin kwastan. Amma ƙashin bayansa mai kyau ne.

Wannan ya kai ni ga abin da ya fi tsaya mini a rai, wato Faransancin wa muke koyarwa. Mahaifiyata 'yar Maraɗi ce, a Jibiya na tashi, kuma tun kafin in san akwai wani gari wai shi Paris nake jin harshen nan a bakin kawunnaina da jandarmomin iyaka. Duk ƙasashen da Nijeriya ta yi iyaka da su ta ƙasa, Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, da Faransanci ake aikin ofis a cikinsu. Da na bi diddigin tsofaffin ɗalibanmu ta waya da WhatsApp, ban samu wanda Faransa ta yi wa rana ba. Da yawa suna koyarwa a makarantu masu zaman kansu. Waɗanda suke cin abinci da harshen kai tsaye kuwa, wani yana tafinta wa ƙungiyar agaji da ke aiki da 'yan gudun hijira a yankin Diffa, wata tana fassara takardun haihuwa da sakamakon makaranta ga 'yan Nijar da Chadi masu neman karatu a nan, wani yana cike wa 'yan kasuwar Dawanau takardun fitar da kaya. Manyan ofisoshin da yaranmu ke mafarkin shiga su ma a nan kusa suke: hedkwatar ECOWAS a Abuja, Hukumar Tafkin Chadi a Njamena, Hukumar Kogin Neja da hukumar haɗin gwiwar Nijeriya da Nijar duk a Yamai. Na tambayi kowannensu abin da ya so a ce an koya masa. Amsoshin ba su wuce uku ba: sauraro, ƙidaya da kuɗi, da kuma fassara tsakanin Hausa da Faransanci kai tsaye.

Na ukun nan ya taɓa ni, domin duk kwasa-kwasan fassarar da muke da su tsakanin Turanci da Faransanci ne. Yaro ya yi tunani da Hausa, ya juya zuwa Turancin da shi ma bai gama zama a bakinsa ba, sannan ya tsallaka Faransanci. Kafin ya isa, rabin maganar ta zube a hanya. Alhali matar da ta kawo ɗanta asibiti daga Madarunfa Hausa take ji, takardar maganin da ke hannunta kuma da Faransanci aka rubuta. Turanci ba shi da aiki a tsakaninsu. Haka a kasuwa. Bahaushen Nijar da dala yake ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce, jaka guda sefa dubu. Idan ya ce maka ɗari, sefa 500 yake nufi. Tafintan da bai san wannan ba zai iya jawo asarar dukiya cikin minti ɗaya, kuma babu littafin da aka buga a Paris da zai koya masa. Ɗalibanmu sun zo da jarin da ɗan Legas ko ɗan Inugu ba shi da shi, mu kuma mun shekara da shekaru muna sa su ajiye shi a ƙofar aji.

Wani abokin aikina ya ce ai ina ɓata lokaci ne, Faransanci ya kama hanyar mutuwa a Sahel. Ya kawo hujjojinsa, kuma gaskiya ne: a watan Maris na 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, kuma sabon kundin da Nijar ta fitar a shekarar ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya sauke Faransanci zuwa harshen aiki tare da Turanci. Na yi murna da matsayin da Hausa ta samu, murna ƙwarai. Amma dokokin ƙasar, da shari'un da aka yanke tun 1960, da takardun filaye, da littattafan koyon likitanci a Jami'ar Abdou Moumouni, duk da Faransanci suke. Idan da gaske za a mayar da aikin hukuma cikin Hausa, wa zai juya wannan tulin takardu? Sai wanda ya ƙware a harsunan biyu. A ganina ba a taɓa buƙatar irin ɗalibin da nake magana a kai ba kamar yanzu.

Don haka kwasa-kwasan da na rubuta a cikin rabonmu su ne tafinta tsakanin Hausa da Faransanci a aji uku da huɗu, Faransancin kasuwanci da kwastan, Faransancin lafiya da aikin agaji, sai kuma kwas ɗin sauraro zalla a kowane zango na shekara biyun farko, inda ɗalibi zai ji muryar mai karanta labarai daga Yamai da Yawunde da Abijan, ba ta Bafaranshe kaɗai ba. Na kuma nemi a kawo malami daga Sashen Harsunan Nijeriya mu koyar da tafintar tare, tunda iya Hausa a baki daban, sanin ƙa'idar rubutunta daban.

A nan ne muka yi ja-in-ja da babban farfesanmu, wanda shi ya koyar da ni a aji biyu. Domin a samu gurbin waɗannan, sai an rage kwasa-kwasan adabin Faransa na ƙarni na 17 da na 18. Ya cire tabarau ya ajiye a kan fayil, ya ce, "Malam, jami'a muke, ba cibiyar koyon yare ta wata shida ba. Idan tafintan kasuwa kake son yayewa, ba ya buƙatar digiri." Na ce, "Ranka ya daɗe, a hannunka na koyi son adabin nan, kuma ba zan so a yaye yaron da bai taɓa karanta littafi ya yi jayayya da shi ba. Amma yaran nan ba littattafan suke karantawa ba. Taƙaitawar Turanci suke nema a intanet su haddace, saboda harshen ya fi ƙarfinsu." Ya yi jim, ya ce ya san da haka, yana gani a takardun jarrabawa.

Maganarsa tana da nauyi, kuma ban ɗauke ta a matsayin taurin kan tsoho ba. Harshe ba ciniki kaɗai ba ne. Wanda bai san tarihin mulkin mallakar Faransa ba, bai san yadda marubutan Senegal da Kamaru da Nijar suka juya harshen mai mulkinsu suka faɗi nasu da shi ba, to ko ya iya magana, iyawarsa ba ta da zurfi. Inda muka tsaya shi ne adabi ya zauna, amma a sauya jerinsa. A aji biyu a fara da gajerun labarai da wasannin kwaikwayo na Afirka, waɗanda duniyarsu ba baƙuwa ba ce ga yaron Gumel ko Argungu, a karanta su a aji da murya, shafi bayan shafi. Tsohon adabin Faransa a haɗe shi ya zama kwas ɗaya a aji huɗu, lokacin da ɗalibi ya yi ƙarfin ɗaukarsa. Shi da kansa ya ce zai koyar da shi.

Batun aji uku kuma. A da, ɗaliban Faransanci ƙasar waje ake kai su su yi shekara, wasu Faransa, wasu Togo ko Senegal. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, gwamnati ta kafa Ƙauyen Faransanci a Badagry a 1991, cibiyar da ake tura ɗalibai su zauna cikin harshen maimakon fita waje, ta kuma kafa takwaransa na Larabci a Ngala ta jihar Borno, wanda rikicin Boko Haram ya tilasta wa komawa Maiduguri. Yaranmu suna amfana da Badagry, sukan dawo baki ya ɗan sake. Amma daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, ga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a can, ga ta André Salifou a Damagaram. Na daɗe ina burin a ce muna musayar ɗalibai da su, nasu su zo neman Turanci, namu su je neman Faransanci. Na san abin da ya tare hanya. An rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, sai a Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren, ga kuma 'yan bindiga a hanyar Jibiya, babu uban da zai sa hannu a takardar tafiyar. Kafin Allah ya kawo sauƙi, mun fara da abin da ya samu: kowane ɗan aji biyu a haɗa shi da abokin hira daga can, su riƙa aika wa juna saƙon murya, mako ɗaya da Faransanci, mako ɗaya da Turanci, a ƙarshen zango ya kawo abin da suka tattauna a ba shi maki. Sharaɗi ɗaya muka gindaya, ban da Hausa, don mun san idan aka bar su da ita za su ƙare.

Wayar nan dai ita ce ta warware mana batun ɗakin koyon harshe, wanda na'urorinsa suka daɗe a lulluɓe saboda rashin wuta. Ita ce kuma ta kashe aikin gida irin na da. Duk fassarar da ka ba ɗalibi ya tafi da ita, cikin daƙiƙa kaɗan manhajar waya za ta yi masa, ta fi tasa kyau. Hana su ba zai yiwu ba. Abin da na fara yi shi ne in kawo fassarar na'urar aji, in ce su nemo inda ta yi ɓarna, musamman idan daga Hausa aka juya, inda takan kasa gane karin magana da zaurance da kalaman girmamawa. Maki mai yawa kuma ya koma kan abin da aka yi a gaban malami, da baki.

Wannan na ƙarshen shi ne zai fi wahala, domin jarrabawar baka tana cin lokaci, mu kuma ba mu da yawa. Akwai kuma malaman da suka daɗe ba su zauna cikin masu harshen ba, su ma suna buƙatar a tura su su wartsake, kuma na sa wannan cikin rahoton ba tare da kunya ba, tunda duk gyaran da aka yi a takarda a bakin malami zai tsaya ko ya wuce. Mun nemi a ware kashi 40 na makin kowane kwas ɗin harshe ga magana da sauraro, malamai biyu su zauna a kowace jarrabawar baka, a naɗa a ajiye saboda mai duba jarrabawa na waje ya ji da kunnensa.

Rahoton ya wuce taron sashe, yanzu yana gaban kwamitin tsangaya, daga nan sai majalisar jami'a. Ina sa ran za a yi ja a kan kashi 40 ɗin, da kuma batun wane sashe zai ɗauki nauyin kwas ɗin Hausa da Faransanci. Kafin nan, Shugaban Sashe ya amince mu naɗi muryar duk sababbin ɗaliban da za su shigo a zango mai zuwa, hirar minti biyar kowanne, a sake naɗa a ƙarshen kowace shekara da tambayoyi iri ɗaya har su gama. Kwamitin da zai sake duba manhajar bayanmu da waɗannan muryoyin zai yi aiki.